HAWAN ITACE DA SARANSA: ABIN DA WANI DATTIJO YA KOYA MINI A ILLELA

  

Yau maganarmu a kan hawan itace ne da saransa. Watakila wani ya ce, me ya haɗa malamin lafiya da gatari? To, ku tambayi kowane malamin asibiti na ƙasarmu. Da rani ya tsananta ciyawa ta ƙare, sai a fara kawo masa makiyayan da suka faɗo daga gawo. Da mangwaro ya nuna, sai yara. Da kaka ta gabato, sai masu ɗiban ganyen kuka. Da hadarin farko ya taso, sai masu rage rassan darbejiya a ƙofar gida. Kowane lokaci da irin mutanensa.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen 684,000 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin faɗuwa iri iri. In an ɗebe haɗarin mota, babu tsautsayin da ya kai faɗuwa kisa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mutane kuwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke, irin namu.

Abin da zan gaya muku, likitoci sun tabbatar da shi. Amma ni tun ban shiga makarantar aikin lafiya ba na fara jinsa, daga bakin wani dattijo mai saran itace, wanda ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba.

YADDA NA SADU DA BABA

Ni mutumin Illela ne, garin nan na kan iyaka a arewacin Sakkwato, wanda tsakaninsa da Birnin Konni 'yar tafiya ce kaɗan. Kowa ya san kasuwarmu ta dabbobi ta ranar Lahadi. Inda dabba ta yi yawa kuwa, ganye yakan yi daraja.

A farin 1984 ina da shekara 15. Damina ta ƙi, harawa ba ta samu ba, awakinmu suka rame. Sai kowa ya koma wa gawo. Kun san halin gawo: da damina yake zubar da ganye, da rani kuma, sa'ad da sauran itatuwa suka bushe, shi ya yi kore shar, ga 'ya'ya masu ƙosar da dabba. Yaro da babba, kowa ya rataya gatari ya nufi gona.

Ran nan muka fita ni da wani abokina, sa'ana, muka sami wani babban gawo a hanyar Kalmalo. Shi ya hau, ni ina ƙasa ina tara ganye. Ya kai kamar tsayin mutum uku, ya taka wani reshe, sai na ji ƙas! Ya faɗo ta baya. Bai suma ba. Ya ce bayansa ke ciwo, na kuwa ga yana motsa yatsun ƙafarsa. Mutane suka sheƙo daga gonaki. Muka kama shi, wani hannu wani ƙafa, muka zaunar da shi, muka kwara masa ruwa, muka aza shi bisa jaki. Kafin mu isa gida ƙafafunsa sun daina motsi. Bai sāke takawa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Faɗuwar ta yi nata ɓarna, ba shakka. Amma yau na sani, ɗaukar da muka yi masa ta ƙara wa abin. Da kyakkyawar niyya muka yi, sai dai ba mu sani ba.

Mutane suka yi ta cewa iska ce ta ture shi. Cikin masu zuwa jaje akwai wani dattijo, wanda duk mai babban itace a gida ko a gona shi yake kira, har daga ƙetaren iyaka. Baba muke ce masa. Bayan kwana biyu ya kama hannuna, ya kai ni gindin gawon nan, ya ɗauki reshen da ya karye, ya buga shi da ƙasa. Sai gari ya zubo daga cikinsa, gara ta cinye shi sarai, ɓawo kaɗai ya rage.

Ya ce, "Yaro, ga abin da ya ture shi. Wa ya koya muku hawan icce?"

Na ce, "Ba kowa, Baba."

Ya ce, "Wanda ba a koya ma ba, ƙasa ka koya mai."

Ya je ya roƙi mahaifina, na zama ɗan riƙon igiyarsa har rani uku. A ranin farko ko sau ɗaya bai bar ni na hau ba. Aikina wasa gatari, da riƙon igiya, da kallo. Na ji haushi ƙwarai a lokacin. Daga baya na gane gaskiyar masu iya magana, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

KAFIN A HAU

Baba yakan ce, aikin itace a ƙasa ake gama rabinsa. Abu huɗu yake dubawa kafin ya ɗaga ƙafa.

Na fari, jikinka. Mai zazzaɓi, da mai jiri, da wanda bai yi barci ba, kada su hau. Mai farfaɗiya kada ya hau ko da ya daɗe ba ta tashi ba. Wanda ya sha maganin mura mai sa barci ya dakata sai gobe. Samarin da ke shan ƙwaya irin su tiramol wai don su sami ƙarfin aiki, su sani ƙwaya tana ɗauke tsoro, tana kuma iya kawo jijjiga, mai jijjiga a bisa itace kuwa ba shi da mariƙi. In ana azumi, ko ana zafin bazara, a yi aikin da sassafe. A tuɓe babbar riga da silifa, a ɗaure wando tamau. Kada kuma mutum ya tafi shi kaɗai. Lalle a sami wani babba a ƙasa.

Na biyu, itacen. Zagaya shi, ka ɗaga kai ka duba. Bugi gindinsa da bayan gatari. In ya yi amo kamar ganga, akwai kogo. In ka ga ginin gara ya bi jikinsa, ko tsaga a inda rassa suka rabu, ko reshen da ba ganye alhali 'yan'uwansa suna da shi, ka yi hattara. Duba ko akwai ƙudan zuma ko rina. Kada ka sa hannu cikin kogon da ba ka ga cikinsa ba, gama maciji da kunama suna son wurin.

Kowane itace da halinsa. Gawo ga ƙaya, kuma inda aka sassare shi bara da bara waccan nan ruɓa ke shiga. Kuka santsi gare ta, jikinta kuwa taushi ne, saboda haka turakun da aka kafa mata bara ba a taka su bana, sai a kafa sababbi. Mangwaro da zogale gautsi gare su, ba sa gargaɗi kafin su karye. Darbejiyar da aka taɓa datse wa kai takan fid da sababbin rassa masu tsawo. Kada kaurinsu ya ruɗe ka, riƙonsu bai shiga cikin itacen sosai ba, sukan ɓalle daga tushe. Giginya da dabino ba su da reshen kamawa, ba a hawansu sai da igiya mai ƙarfi, sai kuma wanda aka koya wa.

Na uku, sama. Ba a hawa in ana iska, ko hadari ya haɗu. Tsawa takan fāɗa wa abin da ya fi tsawo a fili, don haka in an fara walƙiya a sauko, kada ma a fake a gindin itacen. Bayan ruwa ko raɓa a jira ɓawo ya bushe. In rana ta yi gora biyu za ta faɗi, a bar sauran sai gobe. A cikin gari kuma a duba wayar lantarki. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, babbar waya kuwa ko ba a taɓa ta ba wutarta tana iya tsallakowa. Itacen da ke kusa da waya, sai an kira ma'aikatan lantarki sun kashe wuta tukuna.

Na huɗu, kayan aiki. Gatari ya zama mai kaifi, gama dakusasshe shi ke zamewa ya sami ƙafa. A duba ƙota, kada ta yi lako-lako. A bi igiya da hannu daga wannan baki zuwa wancan, in ta fara tsinkewa ko ta ruɓe a bar wa jaki. In da tsani za a hau, in tsayinsa taki huɗu ne a janye gindinsa taki ɗaya daga itacen, wani kuma ya riƙe.

Akwai kuma wata magana da Baba ya fi nanatawa: abin da gora ta isa, ƙafa ba ta da aiki a wurin. Ɗaura lauje ko ƙugiya a bakin doguwar gora, ka tsaya a ƙasa ka kakkaɓo 'ya'yan gawo, ko ka tsinko ganyen kuka da mangwaro. Wanda bai hau ba, ba ya faɗowa.

IN AN HAU

Mutane da yawa suna raina tsayin itace. Ku ji wannan lissafi. Wanda ya faɗo daga tsayin mita 5, watau kamar tsayin mutum uku, yakan iso ƙasa da gudun kilomita 36 a awa, kamar ɗan kabu-kabu ya ci karo da bango. In tsayin ya kai mita 10, gudun ya kai kilomita 50. Ƙashin ɗan Adam ba a yi shi don wannan ba.

Ga dokokin da aka koya mini:

1. Kada ka hau da gatari a hannu ko a kafaɗa. Hau da bakin igiya, in ka zauna daram a ɗaura maka gatarin ka jawo.

2. Gaɓoɓinka huɗu ne, hannu biyu ƙafa biyu. Kullum uku su kasance a riƙe, ɗaya kaɗai ke neman sabon wuri.

3. Taka reshe a gindinsa, inda ya haɗu da uwar itacen. Gwada shi da ƙafa tukuna kana riƙe da wani. Reshen da bai kai kaurin damtsenka ba, kada ka ba shi amanar nauyinka.

4. Kafin ka fara sara, ɗaure kanka. Igiya ta zagaye ƙugu da cinyoyi kamar mazauni, da ƙullin da ba ya zargewa. Kada ta bi ta wuya ko ta ƙirji. Ɗaya bakin a ɗaura shi sama da kanka, a jikin uwar itacen ko wani ƙaƙƙarfan reshe wanda ba shi za ka sare ba. Kada ka bar igiyar da saki da yawa.

5. Zauna ta wajen uwar itacen, saran ya kasance gabanka, ƙafafunka nesa da bakin gatari.

6. Babban reshe sara uku ake yi masa. Fara sara ta ƙarƙashinsa, kamar kamu ɗaya daga gindinsa, har ka ci sulusin kaurinsa. Sa'an nan ka sare ta bisa, gaba kaɗan da saran farko, sai ya ɓalle salin-alin. Daga nan ka gyara guntun da ya rage. In ka fara ta bisa kaɗai, reshen zai tsage ya ɗaye ɓawo, ya yi lilo, ya dawo ya doke ka ko ya fizge ka.

7. Reshe mai nauyi gunduwa-gunduwa ake sauke shi, daga ƙarshe zuwa gindi. In akwai ɗaki ko danga a ƙasa, a ɗaure shi da igiya dabam a zura shi sannu.

8. Kada ka saki kome sai ka yi kira, na ƙasa ya amsa.

9. In zuma ko rina suka taso maka, rufe fuska, ka sauko a hankali. Harbi goma ya fi tsalle ɗaya sauƙi.

10. Sauko tun da sauran ƙarfinka. Yawancin masu faɗowa, a wajen "bari in ƙara ɗaya" suke faɗowa.

Baba ba ya yarda a yi wa gawo ƙwal-kwabo. Yakan ɗebi kashi ɗaya cikin uku, ya bar biyu. Yakan ce itacen da aka yi wa sara mai tsabta shi ke warkewa, wanda aka yayyaga kuwa shi ke ruɓewa ya ka da mai hawan baɗi.

KA DA ITACE

Ka da itace gaba ɗaya sai da dalili, sai kuma da izinin mai gona da malaman daji. Ƙasarmu bakin hamada ce, itace shi ne garkuwarmu. Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin da ake iya yi. Daga 1975 aka shiga dasa layukan darbejiya a kwarin Majiya don tare iska, kwarin nan da ruwansa ke gangarowa tafkin Kalmalo. Daga 1983 kuma manoman ƙasar Maraɗi suka kama sassaben zamani, watau renon tohon da ke fitowa daga kututture maimakon ƙone shi. Itatuwa suka dawo gonaki. Inda itace ya yawaita kuwa, aikin itace ya yawaita, saninsa ya zama tilas.

In ya zama dole a ka da shi, a duba inda ya karkata, da inda rassansa suka fi nauyi, gama can yake son faɗuwa. A kori mutane da dabbobi, su yi nisa kamar tsayin itacen sau biyu. Mai sara ya share hanyar gudunsa tun da wuri, ta baya a kaikaice. Sa'an nan ya buɗe baki a gefen da ake so ya fāɗa, ya ci kamar rubu'in kaurin gindin. Ya koma ta baya ya sara, sama kaɗan da bakin farko. Kada ya haɗe saran biyu. Ɗan abin da ya rage a tsakiya shi ke riƙe itacen ya bi da shi inda ake so, kamar yadda maƙyalli ke riƙe ƙyaure. Da ya fara ƙara, a janye, ido na kansa. In da igiya ake ja, ta fi itacen tsawo nesa.

Itacen da ya fāɗi ya sarƙe a jikin wani, kada a shiga ƙarƙashinsa, kada a hau shi. Reshen da nauyi ya danne ya tanƙwara, baka ne da aka ɗana, in an sare shi da garaje sai ya harbi mutum.

Yanzu injin yankan itace ya yawaita, abin da babu shi a hannun Baba. Aikinsa sauri, ɓarnarsa ma sauri. A riƙe shi hannu biyu. Kada a ɗaga shi sama da kafaɗa. Kada a yanka da tsinin bakinsa, gama yakan yi tutsu ya dawo fuskar mai shi. Kada wanda ba a horar ba ya hau itace da shi. A sa takalmi mai rufi, a kāre ido, a toshe kunne, domin ƙararsa tana kurmantarwa sannu a hankali.

IN TSAUTSAYI YA AUKU

Wannan shi ne abin da da mun sani a 1984, watakila da abokina ya taka. Ku saurara da kyau.

A cikin ƙashin baya akwai laka, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa, ita ke kai saƙo hannu da ƙafa. Ƙashin yana iya karyewa lakar ba ta taɓu ba. Amma in aka naɗe mutum, ko aka zaunar da shi, sai karyayyen ƙashin ya goce ya datse ta. Laka kuwa in ta yanke ba ta ɗoruwa. Saboda haka:

1. Duk wanda ya faɗo daga itace, a ɗauka bayansa ko wuyansa ya karye, sai likita ya ce a'a. Balle in yana kukan baya ko wuya, ko ya ce gaɓoɓinsa sun mutu ko suna yi masa yar-yar.

2. Kada a ɗaga shi, kada a zaunar da shi, kada a ja masa hannu ko ƙafa ko wuya. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya riƙe kan da hannu biyu, daidai da jikinsa.

3. A nemo ƙyaure ko faffaɗan katako. Mutum huɗu su juya shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu su tafi tare, a tura katakon ƙarƙashinsa. A tokare kan da tsumma dama da hagu, a ɗaure shi da rawani ko zane.

4. A kai shi a kwance cikin mota. In babu mota, a amalanke, a tafi sannu. Kada a aza shi a babur ko jaki.

5. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko fura, sai ya shaƙe. Ko wanda yake a farke a dakata da abinci, watakila za a yi masa aiki. In amai ya zo, a juya shi gefe gaba ɗaya, ana riƙe da kai.

6. In jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, minti goma ba ɗagawa. In ya jiƙe a ƙara wani a kai.

7. In wayar lantarki ce ta kama shi, kada kowa ya taɓa shi ko itacen sai an kashe wuta.

Wani yakan faɗo ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce ba kome. A sa masa ido kwana biyu. In ya shiga amai, ko ciwon kai mai tsanani, ko barcin da ba a iya ta da shi, ko ruɗewa, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, to, jini na iya taruwa cikin kai. In kuma cikinsa na ciwo, musamman ta hagu ƙarƙashin haƙarƙari, ya kwaɗe, yana zufa mai sanyi da ƙishirwa, watakila saifa ce ta fashe. A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro yakan kumbura saifa, kumburarriyar saifa kuwa ba ta da wuyar fashewa. Duka biyu ba sa jiran gari ya waye.

A fara da asibiti mafi kusa. Akwai babban asibiti a Illela. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 80, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke da likitocin ƙwaƙwalwa da laka. Akwai asibitin ƙashi a Wamakko, akwai kuma na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959.

KARAYA DA RAUNI

Na san da yawanku wajen maɗori kuke fara zuwa. Ga roƙona. A ɗauki hoton ƙashin tukuna, a san irin karayar. Karayar baya, da ta wuya, da ta ƙugu, da wadda ƙashi ya huda fata, da ta gwiwar hannun yaro, waɗannan na asibiti ne kaɗai. Kowane irin ɗauri aka yi kuma, a riƙa duba yatsu. In sun kumbura, sun yi sanyi, sun yi baƙi, ko ciwo ya ƙi lafawa, ɗaurin ya matse hanyar jini. A sassauta nan da nan, a tafi asibiti a ranar. Yara da yawa sun rasa hannu a kan karayar da ba ta kai ta kawo ba, saboda ɗauri ya yi tsanani.

Saran gatari da sukar ƙaya a wanke su da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai. A cikin ƙasa da kashin dabbobi ƙwayar ciwon sarƙe-haƙora take zaune. In ta shiga rauni, bayan kwana 3 zuwa 21 sai muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, wuya da baya su sandare. Ciwo ne mai kisa, amma akwai allurar rigakafinsa. Duk mai aiki da gatari ya tambayi malamin ɗakin shan magani wannan allura tun bai ji rauni ba, in kuwa ya ji, ya zo a ranar.

In maciji ne ya yi sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da abin hannu, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Wanda zuma ta harba fuskarsa ta kumbura, numfashi ya yi masa wuya, shi ma a gaggauta.

IYAYE

Ba mu iya hana yaro sha'awar mangwaro da magarya. Amma muna iya yanka masa gora. Iyaye mata, kada a aiki ƙaramin yaro ko yarinya ɗiban kuka su kaɗai. Mace mai ciki kada ta hau ko kaɗan. Iyaye maza, in yaro ya isa kiwo, ya isa a koya masa. Ku haɗa shi da wanda ya iya, ya riƙe igiya tukuna. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

GODIYA

Baba ya yi aikin nan har furfura ta rufe kansa, bai taɓa karya ko yatsa ba. Mutane suna cewa asiri gare shi. Na zauna da shi rani uku, asirin da na gani shi ne haƙuri, da duba abu kafin a taka shi.

Ranar da ya fara barina na hau, yana ƙasa riƙe da igiyata. Da na sauko ya ce, "Ɗana, yanzu ka san hawa. Saura ka san ranar da ba a hawa." Da na tafi makarantar aikin lafiya na ji malamai suna bayanin laka da ƙashin baya, sai na tuna shi ne mutum na farko da na ga ya hana a ɗaga wanda ya faɗo, ya ce a ciro ƙyauren zaure.

Bai karɓi ko kwabo a hannun mahaifina ba. Na taɓa kai masa turmin yadi da goro da albashina na fari. Ya karɓi goron, ya sa albarka, ya ce, "In kana son biyana, duk yaron da ka gani da gatari a gindin icce, tsaya ka yi mai magana."

Ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa. Hannuwan nan biyu da nake ɗaure raunukanku da su, da ƙafafun da suka kawo ni nan, bayan ikon Allah, shi ya tsare mini su. Wannan jawabi kaɗan ne daga bashin da yake bina.

Ku ma na san a kowane ƙauye akwai irinsa. Ku neme su tun suna da rai, ku gaishe su, ku tura musu yaranku. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba wannan takarda, a zaure ko a gindin bishiyar kasuwa.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu, ya ba mu lafiya da zama lafiya.